King Gillette, mutumin da ya ƙago reza

Yau labarinmu na reza ne da mutumin da ya ƙago ta.

Babu wanda bai san reza ba a nan Yamai. Ku je Katako ko Wadata, ku tsaya wurin kowane mai tebur, za ku gan ta kusa da ashana da sukari. Tela yana farke ɗinki da ita. Ɗan makaranta yana fiƙe fensir. Maigida yana gyaran fuska. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, in ta dakushe sai a jefar a sayi wata. To, ku riƙe wannan jefarwar da kyau, don a kanta labarin ya tsaya. Kafin zamanin mutumin nan, abu mai kaifi abin adanawa ne. Uba yakan mutu ya bar wa ɗansa aska.

Sunansa King Camp Gillette. Ana faɗin sunan kamar Jilet. Kalmar King da Turancin Ingilishi sarki take nufi, amma shi ba sarki ba ne, suna ne kawai iyayensa suka raɗa masa. An haife shi ranar 5 ga watan Janairu na 1855, a wani ƙaramin gari mai suna Fond du Lac, cikin ƙasar Amurka. Yana ƙarami iyayensa suka koma babban birnin Shikago, can ya girma.

Gidansu gidan ƴan dabara ne. Ubansa yana sayar da kayan ƙarfe, kuma kullum yana cikin gwada ƙera sabon abu. Uwarsa Fanny ta tara dabarun girki ta yi littafi, aka buga shi a 1887, aka yi ta sayensa shekara da shekaru.

A watan Oktoba na 1871 gobara ta tashi a Shikago. Wuta ta kwana biyu tana ci. Mutum wajen 300 suka mutu, wajen dubu 100 suka rasa wurin kwana. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai a 1982 sun san yadda ɗan kasuwa yake wayar gari ba shi da ko allura. Haka ta faru ga uban Gillette. Dukiyarsa ta ƙone ƙurmus. Suka kwashe suka koma birnin Niyok. Yaro yana da shekara 17 ya shiga neman na kansa.

Falke mai hajar wasu

Aikin da ya samu shi ne yawon tallar kayan kamfani. Yau yana wannan gari, gobe yana wancan, da jaka a hannu. Kamar falke ke nan, sai dai hajar ba tasa ba ce. Fiye da shekara 20 yana wannan aiki. Ya iya magana, ya iya ciniki. Cikin dare kuma yana ƴan ƙere-ƙerensa kamar ubansa, amma babu wanda ya kawo masa kuɗin kirki. A 1890 ya yi aure, suka sami ɗa guda.

Wajen wannan lokaci ya kama aiki wurin wani mutum mai suna William Painter. Kun san marfin kwalbar lemo, mai haƙora kewaye? Painter ne ya ƙago shi, a 1892. In kun sami ɗaya ku ƙidaya haƙoran, na yanzu 21 ne. Marfin nan abin banza ne a ido, amma ya mai da Painter attajiri. Dalili kuwa, sau ɗaya ake aiki da shi. An buɗe kwalba, an jefar da marfi, dole mai lemo ya dawo ya sayi wani.

Painter ya ba Gillette shawara. Ya ce masa ya nemi abu irin wannan, wanda mutane za su yi aiki da shi su jefar, su dawo saye. Maganar ta zauna masa a rai, ta hana shi sakat. An ce har yakan bi baƙaƙen abacada ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta sunayen kayan da mutane ke bukata, ko zai dace. Kun ga abacadan nan da muke fama da ita a aji, ga wani aikin da ta taɓa yi. Amma bai dace ta nan ba.

Akwai kuma wani abu da ke cin ransa, wanda ya sha bamban da wannan. Yawon da ya yi ya nuna masa talauci iri-iri, da yadda ƴan kasuwa ke karya juna. Sai ya yanke cewa gasa tsakanin masu kuɗi ita ce tushen wahalar duniya. A 1894 ya buga littafi mai suna The Human Drift. A ciki ya ce a tattara dukan masana'antu su zama kamfani guda, mallakar jama'a duka. Ya ce a gina birni ɗaya tak, na mutum miliyan 60, kusa da babban mafaɗar ruwa ta Niyagara, ruwan ya ba su wutar lantarki. Miliyan 60 fa! Ya ninka mutanen Nijar duka sau biyu har da ɗori. A birnin nan ba mai girki a gidansa, kowa a babban zaure zai ci. Ku riƙe wannan ma, za mu dawo kansa.

Safiyar da aska ta ƙi ci

A wancan zamani gyaran fuska aiki ne. Ko mutum ya je wurin mai aski ya biya, ko ya yi da kansa da doguwar aska irin ta wanzamai. Aska kuwa sai an iya ta. Kullum sai an goga ta a fata kafin a fara. In ta dakushe sosai sai a kai wa mai wasawa, a jira. Hannu ya ɗan karkace, jini ya zuba.

Wasu sun riga Gillette neman magani, kada mu ba shi abin da ba nasa ba. Tun wajen 1770 wani maƙerin wuƙaƙe na Faransa mai suna Perret ya yi wa aska kariya ta itace. A 1847 wani Bature na Ingila, Henson, ya juya askar ta gicciye a kan ƙota, kamar fartanya. A 1880 wasu ƴan'uwa masu suna Kampfe suka fito da irin wannan a Niyok. Sai dai duk nasu ƙarfen mai kauri ne, mai tsada, kuma sai an riƙa wasa shi.

Wata safiya a 1895, Gillette yana da shekara 40, yana zaune kusa da birnin Boston. Ya tsaya gaban madubi, ya ɗauki askarsa, ya tarar ta dakushe har goga a fata ba ya yi mata magani. Ya tsaya yana dubanta. Sai ya ga ai a duk ƙarfen nan, bakin kaɗai ke aiki. Sauran ƙarfen riƙe bakin kawai yake yi. To, me zai hana a yi bakin shi kaɗai? A samo ƙarfe marar kauri kamar takarda, a wasa shi gefe biyu, a matse shi cikin wani gida mai ƙota. In ya dakushe a cire a sa sabo. Ga abin da Painter ya faɗa ya samu.

Matarsa ta yi tafiya a lokacin. Ya rubuta mata wasiƙa cewa arzikinsu ya zo. Ya je kanti ya sayi tagulla, da magagari, da siririn ƙarfen nan da ake naɗewa cikin agogo. Ya zauna ya ƙera na gwaji da hannunsa. Abin bai yi aski ba.

Shekara shida

Ga inda gizo yake saƙa. Ku tambayi maƙeran Katako, za su gaya muku. Ƙarfe ba ya riƙe kaifi sai an gasa shi ya yi ja, an sanyaya shi da sauri. A nan yake yin ƙwari. Wuƙa mai kauri tana jure wannan. Amma ƙarfe marar kauri, da ya sha wuta sai ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, ko ya tsage. Gillette ya je wurin maƙeran wuƙaƙe, suka ce ba ta yiwuwa. Ya je wurin masana na babbar makarantar fasaha ta Boston, su ma haka. Abokansa suka mai da shi abin dariya, in sun gamu sai su tambaye shi lafiyar reza.

Shekara shida yana haka, yana kuma ci gaba da tallar marfin kwalba don a ci tuwo.

A 1901 aka haɗa shi da William Nickerson. Wannan suna ya kamata ku sani, don in babu shi babu reza. Nickerson ya yi karatu mai zurfi, kuma gwanin ƙera injuna ne. Da farko shi ma bai yarda da abin ba. Da ya zauna ya duba, sai ya ga hanya. Ya gano yadda za a matse ƙarfen ya zauna a miƙe lokacin gashi da lokacin sanyaya. Ya ƙera injin wasawa. Ya gyara gidan rezar ya yi ƙarfi, yadda bakin zai leƙo daidai, ba yawa ba kaɗan.

Bari in kwatanta muku gidan, ko da yake da yawanku kun taɓa riƙe shi. Kashi uku ne. Akwai ƙota. Akwai faranti na ƙasa mai haƙora kamar matsefi, shi ke danne fata ya hana reza nutsewa cikin nama. Akwai marfi na sama. Ana sa reza tsakanin faranti da marfi, a murɗa ƙota. In an murɗa, sai rezar ta ɗan lanƙwasa, ta yi tsauri, ta daina rawa. Wannan lanƙwasar ita ce asirin. Reza ita kaɗai laushi gare ta, gidan ne ke ba ta ƙarfi.

Yadda ake yin ta yau bai yi nisa da na Nickerson ba, sai dai sauri. Ƙarfen yana zuwa a naɗe, dogo kamar zugun saƙi. Kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Inji yana huda ramukan tsakiya. Sai zugun ya ratsa cikin wuta mai tsananin zafi, ya fito ya shiga sanyi, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa kamar kwalba. Daga nan sai duwatsun wasawa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, sannan a goge bakin. A ƙarshe a yayyanka ɗaya-ɗaya, a naɗe a takarda mai maiƙo saboda tsatsa.

A watan Satumba na 1901 suka kafa kamfani da jarin dala dubu 5. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa ba. Ma'aikatarsu wani ɗaki ne a saman shagon masu kifi, bakin teku a Boston. Aski ya zo gaban goshi sai kuɗi suka ƙare, bashi ya hau kansu, ba su sayar da ko ɗaya ba. Gillette ya je wurin wani attajiri abokinsa, John Joyce. Joyce ya gwada rezar a fuskarsa, ta yi masa, ya zuba kuɗi masu yawa. Sai dai mai kuɗi ba ya zuba kuɗinsa a banza. Tun daga ranar muryar Joyce ta fi ta Gillette ƙarfi a kamfanin.

Kasuwa ta buɗe

A 1903 suka fara sayarwa. A shekarar duka sun sayar da gidan reza 51, da reza 168. Mai tebur na unguwarku ya fi su ciniki. Gillette bai ma bar aikinsa na marfin kwalba ba, har aka tura shi Landan ya tafi. Amma a 1904 gidan reza wajen dubu 90 suka sayar. Ya dawo gida da sauri.

A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar dabararsa. Takardar tana hana kowa kwaikwayonsa har shekara 17. Kuma kada ku ɗauka abin mai araha ne a lokacin. Gidan reza dala 5 ne, wajen rabin abin da lebura ke samu a mako. Duk da haka aka yi ta saye. Kafin 1910 sun buɗe ma'aikatu a Kanada da Ingila da Faransa da Jamus. A 1915 sun sayar da reza fiye da miliyan 70.

A kan takardar kowace reza aka buga hotonsa, da baƙin gashi da gashin baki, da sa hannunsa a ƙasa. Fuskarsa ta zagaya duniya. Wanda bai iya karatu ba ma, in ya je kanti sai ya nemi mai hoton mutumin nan.

Yaƙin duniya na farko ya ƙara masa kasuwa. Amurka ta shiga yaƙin a 1917. A fagen daga ana sakin hayaƙi mai guba, soja kuwa sai ya rufe fuska da wani takunkumi. In da gemu, takunkumin ba ya kamawa da kyau, guba ta shiga. Ga kuma ƙwarƙwata a ramukan da suke kwana. Sai gwamnati ta sayi gidan reza wajen miliyan 3 da rabi, da reza fiye da miliyan 30, ta raba wa sojoji. Samarin nan suka koma gida sun saba da aske fuska da kansu. Daga baya Gillette ya yi yawon duniya, ya ce ya tarar da rezarsa tun daga ƙarshen arewacin Norwai har tsakiyar hamadar Sahara.

Tun da ya ambaci Sahara, bari mu ɗan tsaya a gida. Mu nan reza ba ta kori wanzami ba. Askin suna nasa ne, kaciya da ƙaho nasa ne, zabirarsa tana nan. Amma ku duba hannun masu aski da yawa a yau. Ƙotar irin ta aska ce, bakin kuwa rabin reza ne, an karya ta biyu an sa. A 1987 aka fara ganin ciwon sida a Nijar. Tun daga nan ma'aikatan lafiya suke ta faɗa: mutum ɗaya, reza ɗaya. Sida da wani ciwon hanta suna bin jini, kuma ɗan jinin da ido bai gani ba ya isa. In kun zauna gaban mai aski, ku ce ya buɗe sabuwa a gabanku. Ba raini ba ne, kuma mai askin kirki ba zai ji haushi ba. Haka wajen haihuwa. Cibiyar jariri da sabuwar reza ake yanke ta, wadda ba a taɓa buɗewa ba, saboda ciwon nan mai sandarar da jiki da ake kira tetanos. Wadda aka gama da ita kuma a naɗe ta a binne, ko a jefa a masai, kada yara su tsinta. Gillette don ciniki ya ce a jefar. Mu namu dalilin ya fi nasa nauyi.

Mai kuɗin da ke ƙin gasa

Mu koma ga mai ita. Kuna tsammani da ya yi kuɗi ya manta da birninsa na Niyagara? Ko kaɗan. A 1910 ya sake buga wani littafi, ya ma yi rajistar kamfanin da yake so ya haɗiye dukan kamfanonin duniya. Ya nemi tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, ya shugabanci abin, ya yi masa tayin dala miliyan ɗaya. Roosevelt ya ƙi. A 1924 ya sake fitowa da wani littafi. Mutane suka sayi reza, suka bar masa littattafansa.

Ni dai a ganina da gaske yake, ba wasa ba. Wanda ya ga gobara ta cinye wahalar ubansa yana iya mafarkin duniyar da ba mai faɗuwa. Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ke cewa a raba komai da kowa, kamfaninsa bai bar mai kwaikwayonsa ya sha ruwa ba, daga wannan kotu sai waccan.

Cikin kamfanin ma ba zaman lafiya. Shi da Joyce suka yi ta ja-in-ja a kan wa ke da iko. Wajen 1910 Gillette ya sayar wa Joyce mafi yawan rabonsa. Aka bar masa sunan shugaba, aka bar hotonsa a takarda, amma wasu ke juya abin. Ya koma Kalifoniya, inda ake rana da zafi. Ya sayi filaye da gonaki, har da gonar dabino.

Takardar mallakarsa ta ƙare a 1921, kowa ya sami damar ƙera irin tasa. Cikin masu gasa akwai wani mai wayo, Henry Gaisman. Ya fito da reza mai wani irin rami a tsakiya, wadda ke shiga gidan Gillette, alhali ta Gillette ba ta shiga nasa. Kamfanin Gillette ya sake fasalin rezarsa, sai ga shi sabon fasalin ya faɗa cikin abin da Gaisman ya riga ya yi wa takarda. Ku ɗauki reza ku dubi doguwar tsagar nan ta tsakiya, mai lunguna kamar zanen ƙwarya. Ta farko ramuka uku ne kawai gare ta. Tsagar nan daga wannan rigima ta samo asali. A 1930 aka haɗe kamfanonin biyu. Da aka binciki littattafan kuɗi, aka tarar manyan kamfanin Gillette sun daɗe suna faɗin ribar da ta fi ta gaskiya. Gaisman ya karɓe ragama.

Kafin wannan kuma, a watan Oktoba na 1929, kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe. Bankuna suka rufe, ma'aikatu suka kori mutane. Gillette ya ci bashi ya zuba a filaye, ga darajar rabonsa na kamfani ta zube. Mafi yawan dukiyarsa ta tafi, ga tsufa, ga ciwo. Ya mutu ranar 9 ga watan Yuli na 1932 a Los Anjeles, yana da shekara 77.

Kamfanin bai mutu ba. A 2005 wani babban kamfanin sabulu, Procter & Gamble, ya saye shi a kan dala biliyan 57, kuma har yau sunan Gillette yana kan kayan. Babban gidan da ya gina cikin duwatsu kusa da Los Anjeles, ƴan shekaru kaɗan ya zauna a ciki. Bayan mutuwarsa matarsa ta sayar. Gidan ya yi ta sauya hannu, har hukuma ta saye shi a 2005. Yanzu wurin shan iska ne na jama'a, kowa yana iya shiga.